Malam Ashafa Mai Goyon Baya

Duk wanda ya taso a Dukawuya a ƙarshen mulkin soja ya san Malam Ashafa mai fenti, in ma bai san fuskarsa ba to ya san hannunsa. Shi ya rubuta allon mai shayin bakin titi da na kemis, shi ya rubuta "Ba a fitsari a nan" a jikin doguwar katangar nan ta bayan unguwa, rubutu mai kyau wanda bai taɓa hana kowa komai ba. Ɗan siriri ne, hularsa ba ta rabuwa da ɗigon fenti, kuma ko ya haife ka, in ka zo gaishe shi sai ya riga ka rusunawa.

Mahaifinsu, Malam Shehu, baduku ne, a soron gidansu ya yi sana'arsa har ya bar duniya. 'Ya'ya maza biyu ya bari. Babban, Jibrin, tun yana saurayi ya lura allura da zare ba za su kai shi Makka ba, ya faɗa kasuwar Kurmi yana sarin fata, ya yi ta zirga-zirgar Legas har ya zama Alhaji, ya gina gidan bulo a ƙarshen lungu. Ƙaramin, Ashafa, ya zauna gindin tsoho yana zana ado a jikin tumtum da jakunkuna har hannunsa ya faɗa. Da kasuwar dukanci ta ja baya sai ya mayar da gwanintar kan allo da ƙyalle, amma bai bar soron ba. Dakalin da tsohon yake zama yana nan, ƙusoshin da yake rataye fatu suna nan a bango, warin jima ne kawai ya koma na fenti da kananzir.

Zamanin soja ne ya fito da shi. A lokacin, da zarar an canja mai mulki sai ƙungiyoyi su yi ta ɓullowa ta ko'ina, kowacce tana neman ƙyallen mubaya'a kafin 'yar'uwarta ta riga ta. Malam Ashafa ya gano dabarar da ta fi ta kowa. Yakan sayi farin yadi ya rubuta "MUNA GOYON BAYAN" a sama, "ƊARI BISA ƊARI" a ƙasa, ya bar tsakiya fili, ya ninke ya ajiye. Sunan mutum kuwa a wani ɗan ƙyalle daban yake rubuta shi, ya ɗinka sama-sama, irin ɗinkin da ake farkewa da farce. Ranar da duk aka wayi gari rediyo yana badujala, kafin mutane su gama tambayar juna wa ya hau, shi ya farke na jiya ya fara auna na yau. Daga nan aka laƙa masa Mai Goyon Baya, kuma har sunan ma ya goyi bayansa.

Da a kan ƙyalle abin ya tsaya, da sai a ce neman abinci ne. Amma haka Allah ya yi mutumin. In mutum biyu suka kaure da musu a majalisa suka ce ya raba su, sai ya ce wa na farko gaskiya ne, ya juya ya ce wa na biyu wannan ma haka yake. Matarsa Safiya takan ce shekara talatin tana tuƙa masa tuwo ba ta san ko kuka ya fi so ko kuɓewa ba. A gaban yayansa kuwa magana ɗaya ya iya: "Duk yadda ka gani, Yaya." Alhaji Jibrin ne ya zaɓa masa mata, shi ya raɗa wa 'ya'yansa suna, shi yake yanke masa kalar shaddar Salla. Mutanen unguwa suna yaba wannan biyayya, suna nuna wa 'ya'yansu ita, ko da yake babu wanda zai so a ce shi ne Ashafan.

Sai ga shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula. Azumin shekarar ya zo daidai da hutun makaranta, kuma a makon farko abubuwa biyu suka faɗo wa Malam Ashafa a soro.

Na farko 'yar Alhaji ce, Malama Sa'ida, malamar firamare. Wata ƙungiya ta kai su bita ta kwana uku a otal, ta dawo da jaka mai tambari da baki cike da 'yancin faɗin albarkacin baki. Ta zo ta durƙusa ta gaishe da baffanta, ta ce an ce musu dimokuraɗiyya tun daga yara ake dasa ta, don haka tana so ta tara yaran lungu ashirin a soronsa kullum da hantsi, ya koya musu haɗa kwalayen zanga-zanga da hannunsu, ita kuma ta koya musu abin da ake rubutawa a kai. Wato a duk faɗin birnin Kano, mutumin da aka samo ya koya wa yara cewa ba su yarda ba shi ne Malam Ashafa. Ya ce ai ba komai, Allah ya yi albarka.

Na biyu Alhaji Jibrin ne da kansa, ya shigo da magini riƙe da tef. Ya ce zamani ya canja, ƙasa ta buɗe, duk mai soro a bakin hanya yana mayar da shi kuɗi. Bayan Salla za a rushe wannan a fitar da shaguna uku na bulo masu ƙofar ƙarfe, ɗaya a sa wayar tarho ta haya. Shi Ashafa sai ya koma da gwangwanayensa cikin gida, akwai fili kusa da turken awaki. Ya gama ya ce, kamar yadda ya saba, "Me ka gani?" Malam Ashafa ya ba shi amsar da ya saba, har shi ya riƙe wa magini bakin tef. Amma ranar ko rabin kofin kunu bai iya sha ba da aka sha ruwa. Soron nan shi ne abu ɗaya a duniya da yake so har cikin ransa, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba, don bai taɓa zaton sai an faɗa ba.

Aji ya fara. A ba shi haƙƙinsa, wajen sana'a malami ne na gaske. Ya sa aka kwaso kwalayen sabulu daga Kurmi, ya nuna wa yara yadda ake yanka su da aska ba a ci gefe ba, yadda ake jiƙa ƙaro ya zama gam, yadda ake dama shuni da galura kada su yi ruwa-ruwa. Ya koya musu tsoma zare a shuni a ɗame shi a ɗalle, layi ya fito sambal, da ƙirga haruffa kafin a fara don kada na ƙarshe ya rasa wurin zama. Kara suka tsaga suka yi mariƙi. Cikin kwana uku babu yaron da hannunsa bai rine ba, iyaye mata suna ta mita a kan riguna.

Matsala ta taso ne da Malama Sa'ida ta ce kowa ya rubuta abin da yake damunsa, kada ya ji tsoron kowa. Yaran Dukawuya kuwa ashe a cike suke. Wani ya rubuta "A DAINA AIKENA INA CIN ABINCI". Wata ta rubuta "NAMA BA NA MANYA KAƊAI BA NE". Wani mai ƙaton kai ya ce shi aski da aska ne ba ya so. Malam Ashafa yana bin kwalayen da ido gabansa yana faɗuwa, kamar an ce za a kai su gaban alƙali da sa hannunsa. Da malamar ta juya baya sai ya bi su da buroshi yana gyarawa. Wannan ya ƙara masa "don Allah" a sama, wancan ya saƙala masa "in ba damuwa" a ƙasa. Akwai yaron da ya zo da ƙorafi a kan wankan safe da ruwan sanyi, ya koma gida da kwali mai cewa yana goyon bayan wankan safe.

Mai yi masa tsaye a kan wannan ita ce 'Yardada, jikar Alhaji Jibrin, 'yar shekara tara mai ido a tsaitsaye. Da yake jika ce, tana da lasisin da ko gwamna ba shi da shi: tsakanin jika da kaka wasa ne, tana iya ce wa Alhaji tsoho mai rowa a gaban baƙinsa a yi dariya a wuce, kuma ƙanin kaka ma kaka ne. Ita ce ta ƙwace kwalinta ta goge "don Allah" da yawu. Ita ce kuma ta lura, kwana biyu a jere, Malam yana zare tsofaffin ƙusoshin bango ɗaya bayan ɗaya yana naɗewa a tsumma, alhali ba su tare wa kowa hanya ba.

"Malam, kowa ya yi nasa kwalin, kai ina naka?" in ji ta.

Ya ce shi ba abin da yake damunsa, sai godiyar Allah.

"Ƙarya da azumi dai babu kyau," ta ce, ta ci gaba da dama shuninta.

Washegari ta zo da shawara, wai a yi gwaji da manyan kwalaye, Malam ya zana musu haruffa da fensir su bi da fenti. Ta karanto masa abin da zai zana: "A BAR MANA SORONMU", da "SORON KAKANNI BA NA RUSHEWA BA NE". Malam Ashafa ba yaro ba ne, ya san inda aka dosa. Ya ce a ransa ai gwaji ne, gwaji kuwa ba laifi ba ne. Sai dai tunda yake bai taɓa zana haruffa masu kyan waɗannan ba, har ya manta kansa ya zagaye gefen babban kwalin da irin adon da tsohonsu yake yi a bakin tumtum.

Ranar sha biyu ga azumi bayan la'asar aka fita. Yara ashirin suka jeru bibbiyu, 'Yardada a gaba, Malama Sa'ida a baya da jakarta mai tambari. Malam Ashafa ya ce shi zai tsaya ya kula da fenti kada ya bushe.

Abin da masu bitar otal ba su faɗa wa Malama Sa'ida ba shi ne, a cikin birni, in aka ga ayarin yara sun fito da kwalaye da fuska duk shuni bayan goma ga azumi, sunan abin tashe. Kafin su kai rabin lungu mata sun fara leƙowa, ana miƙo gero a kofi, ana miƙo dabino da sukari mai ƙwaya. Wata tsohuwa ta tare su ta ce wane irin tashe ne wannan babu waƙa babu kiɗa, yaran yanzu komai sai sun lalata, ta tsaya nan ta ƙirƙira musu amshi. Wani ya kawo gwangwani ya hau bugawa. Masu zanga-zanga na sahun baya suka ga abin ya fi wanda aka koya musu daɗi, suka fara taka rawa da kwalaye a ka. Malama Sa'ida tana ta ɗaga murya cewa ba tashe ba ne, zanga-zangar lumana ce, wani dattijo ya ce madalla, sunan ma ya dace, baɗi a sake yin sa.

A haka suka isa ƙofar Alhaji Jibrin, yana kan darduma da mutanensa ana jiran magariba. Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce amaryarsa ta zo masa da gayya, ya sa aka ɗebo dabino mai kyau na Madina. 'Yardada, wadda ba a taɓa jin ta mayar da abin ci ba, ta ƙi karɓa. Ta matso ta kafa masa kwalin a gaban hanci ta tsaya. Alhaji ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya karanta yana murmushi, sannan idonsa ya sauka kan adon gefe, murmushin ya ɗauke. Yaro ba ya wannan zanen. Mutum biyu ne suka iya shi a duniya, ɗaya kuma yana kushewa.

Ya karɓi kwalin ya zura takalmi ya miƙe, yara da 'yan kallo suka rufa masa baya. Malam Ashafa ya jiyo hayaniya tana matsowa, ya duba bayan yadin da ke rataye ya ga ba zai ɓoye ƙafafunsa ba, ya haƙura. Alhaji yana shigowa Malam Ashafa ya zube ya hau gaisuwa, ina wuni, ya ibada, ya iyali, ya kasuwa, ya ƙafar da take ciwo, alhali sahu ɗaya suka yi sallar la'asar. Alhaji ya bari sai da gaisuwar ta ƙare don kanta, sannan ya ɗaga kwalin ya tambayi hannun wane ne. Malam Ashafa ya ce aikin yara ne, shi layi kawai ya ɗan ja musu.

"Ni ban taɓa turo maka yara ba, Ashafa," in ji Alhaji. "In ina da magana da ƙafata nake zuwa. Ga ni, ga ka. Magini zai zo kwana uku bayan Salla. Me ka gani?"

Bakin Malam Ashafa ya buɗe da kansa, har "duk yadda" ta fito. Sai ya ɗaga ido ya ga ƙofar soro ta toshe da yara, hannuwa shuɗi-shuɗi, kowa riƙe da kwalin da shi ya koya masa yankawa, sun zuba masa ido suna jiran su ga yadda manya suke yi. Kunyar yayansa ta shekara hamsin tana gefe ɗaya, kunyar yaran nan tana ɗaya gefen, kuma abin mamaki ta yaran ta fi nauyi. Ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa wadda ko shi bai ji ta sosai ba. Alhaji ya ce ya maimaita.

"Na ce ban yarda ba, Yaya." Ya nuna dakalin da hannu. "A kan dakalin nan Baba ya cika, allura tana hannunsa. Ni ma ta ƙofar nan nake so a fitar da ni."

Soro ya yi tsit, har mai gwangwani ya tsaya. Alhaji Jibrin ya daɗe yana kallon ƙaninsa kamar an canja masa shi a kasuwa. Ya jingine kwalin a bango, ya ratsa yara ya fita.

Yara suka ɗauka an ci nasara, suka watse suna rabon gero. Wanda ya biya kuɗin nasarar shi ne Malam Ashafa. Shekara talatin, duk azumi, Alhaji yakan aiko a kira shi gab da magariba su sha ruwa tare, kwano ɗaya. Ranar ba a aiko ba, washegari ma haka. A masallaci Alhaji yakan amsa gaisuwarsa da ka, ya wuce. Majalisa ta rabu biyu, wasu suna cewa ga abin da mulkin farar hula yake jawowa, ƙani ya kalli tsabar idon wansa, wasu suna cewa ai gado ne, shi ma yana da haƙƙi. Wannan karon ba wanda ya nemi ya raba musun. Malama Sa'ida ta sha faɗa wurin mahaifinta, faɗan da ya sa ta rufe aji kwana biyu kafin lokaci, ta rataye jakar a bayan ƙofa.

Shi kuwa kullum yana soro shi kaɗai da kofin kununsa, ya rame, kewar yayansa tana cin sa fiye da yunwar azumi. Babu wanda ya gaya masa, ko a cikin abin da Sa'ida ta karanto daga bita, cewa faɗin ra'ayi yana sa mutum shan ruwa shi kaɗai. A rana ta goma da faruwar abin har ya zaro ɗaya daga cikin tsofaffin yadukansa na mubaya'a ya shimfiɗa, ya fara auna tsawon sunan Alhaji Jibrin a tsakiya. Safiya ta shigo ta gani, ta tattara buroshinsa gaba ɗaya ta kulle a adakarta. Ta ce shekara talatin tana zaune da mutum sai bana ta ji muryarsa, ba za ta bari ya mayar da ita ciki ba.

Ranar ashirin da tara ga wata, rana ta yi ja ana ta maganar ko za a ga wata, sai ga Alhaji Jibrin ya yi sallama a ƙofar soro. Shi kaɗai ne, ɗauke da langar ƙosai da jug ɗin kunu da hannunsa, mutumin da ko butarsa ba ya ɗauka. Ya ce gidansa yara sun cika shi da surutu, mutum ba ya samun sakewa. Ya kakkaɓe dakalin tsohonsu ya zauna, abin da ya shekara ashirin bai yi ba. Har aka kira salla suka ci dabino Alhaji yana ta kallon rufi.

Da suka dawo daga masallaci ya ja langa gabansa ya ce, ba tare da ya kalli ƙaninsa ba, wannan rufin wata rana kan mutum zai faɗo. Gara ta gama da azara. Bayan Salla zai turo a sauke su duka shida a sa sababbi, a yi wa bango yaɓe kafin damina.

"Me ka gani?" ya ce.

Malam Ashafa ya miƙe ya ɗauko sanda, ya bi azarorin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, Alhaji yana zaune ƙosai yana hucewa. Sai da ya gama tsaf ya dawo ya zauna.

"Biyun nan na bakin ƙofa lafiyarsu ƙalau, Yaya, a bar su. Huɗun a canja. Yaɓe kuma na yarda."

Alhaji ya yi tsaki ya ce yanzu kuma har azara sai an yi zaɓe a kanta. Ya ɗauki ƙosai ya kai baki, ya fasa, ya riƙe shi a hannu.

"Shekara hamsin kana ce mini to," ya ce a hankali. "Wallahi ban taɓa sanin wanne ne na gaske ba sai wannan."

Ya tura langar tsakiyarsu, ya ce ya ci tun da zafi.